Wanda Ya Kulle Ƙofa Shi Ya Ajiye Mabuɗi

Daga cikin wasannin da ake yi a kwamfuta da wayar hannu a wannan zamani akwai wani jinsi wanda bai yi tashe irin na wasan ƙwallo da na harbe-harbe ba, amma masu sha'awarsa, in sun kamu, ba su cika sakinsa ba har furfura ta cim musu. A cikinsa ba a neman saurin yatsa, ba a tsere da kowa, galibi ma ba a kashe kowa. Abin da ake yi shi ne a jefa mutum wani wuri da bai taɓa gani ba, tsibiri ne, ko kufai, ko jirgin ruwan da mutanensa suka ƙare, a bar shi da ƙofofi a kulle, da na'urorin da ba a gaya masa amfaninsu ba, da rubutu a jikin bango cikin harshen da bai iya ba, sa'an nan a ce ya nemi hanya da hankalinsa. Na daɗe ina cikin masu wannan sha'awa, kuma duk sa'ad da wani ya ce in nuna masa waɗanda zai gwada, sai in ga ba na iya jera masa sunaye in yi shiru, domin akwai tambayar da ke biye da sunayen, wadda ta fi su nauyi: mene ne ainihin abin da ke yi wa ɗan Adam daɗi a gaban ƙofar da aka kulle masa da gangan, kuma wannan daɗi dangin lagawu ne ko dangin tafakkuri?

Maganar hukuncin wasa tsohuwa ce, malamai sun riga mu shigarta. Nardu, wanda ake yi da ƙwaya mai ɗigo irin ta ludo, hani a kansa ya tabbata a Sahihu Muslim. Shaɗaranji kuwa an yi saɓani: Imamu Malik bai ga alheri a cikinsa ba, mai Risala, Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, ya haɗa shi da nardu a hani ɗaya, alhali Imamu Shafi'i ya tsaya a kan karhanci, mabiyansa suka sa sharaɗin kada a yi caca, kada a yi alfasha, kada a fitar da salla daga lokacinta, suka kuma kafa hujja da cewa nardu ya dogara ga sa'a da kintace, shaɗaranji kuwa ga tunani da lissafi. Fatawa ta masu ita ce, ba zan yi musu shisshigi ba. Abin da zan tuna wa mai karatu kawai shi ne, gwada hankali da tambaya mai lulluɓi yana da asali a wajenmu. Bukhari ya ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tambayi sahabbansa wace itaciya ce ganyenta ba ya zuba, wadda ta yi kama da Musulmi. Tunanin mutane ya bazama cikin itatuwan daji, Abdullahi ɗan Umar ya gane dabino ake nufi amma kunya ta hana shi magana saboda ƙuruciyarsa. Ibnu Farhun, alƙalin Madina, Bamalike, wanda ya rasu a 1397, ya wallafa littafi sukutum na kacici-kacicin fiƙihu, Durratul Gawwas, domin ɗalibai su wasa ƙwaƙwalwa da shi.

Su waɗannan wasanni na kwamfuta asalinsu Amurka ne. Wajen 1976 wani masanin kwamfuta mai suna Will Crowther, wanda ke da sha'awar shiga kogunan dutse, ya ɗauki fasalin wani sashe na babban kogon Mammoth da ke Kentucky ya mayar da shi wasa, wanda aka sani da Colossal Cave Adventure, a shekarar da ta biyo kuma Don Woods na jami'ar Stanford ya faɗaɗa shi. Babu hoto ko ɗaya a ciki. Kwamfuta ta rubuto maka inda kake, kai kuma ka rubuta mata umarni da kalma ɗaya ko biyu. Da hotuna suka shigo, kamfanin Sierra ya yi suna da jerin King's Quest na Roberta Williams, wanda ya soma a 1984, kuma a nan ne aka ga wata illa wadda ta kai mu ga zuciyar maganarmu. A kashi na biyar na jerin, wanda ya fito a 1990, akwai inda kyanwa za ta gifta a guje tana bin ɓera, kuma in ba ka jefe ta da wani tsohon takalmi a wannan ɗan taƙi ba, wasan ba zai ce maka uffan ba, za ka ci gaba da tafiyarka, sai can gaba, sa'ad da 'yan fashi suka ɗaure ka a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, ka tarar babu ɓeran da zai zo ya ciccije igiyar, babu kuma hanyar komawa baya. An kama ka da laifin da ba a taɓa sanar da kai laifi ne ba. Ron Gilbert ya rubuta maƙala a 1989 yana sukar irin wannan tsari, ya kuma gina The Secret of Monkey Island a 1990 a kan ƙa'idar cewa ba za a bar mai wasa ya faɗa ramin da babu fita ba. Masu ilimin usulu da sun ji wannan muhawara da sun gane ta nan take, domin ita ce suke kira taklifi da abin da ba a iyawa.

To, daga nan ne nake ganin amsar tambayar farko take fitowa. Tsakanin mai ƙirƙirar wasa da mai yinsa akwai alkawari wanda ba a rubuta ba, watau duk ƙofar da aka kulle an ajiye mabuɗinta a inda hankali zai iya kaiwa, kuma babu alamar da aka zana a bango don banza. Yaranmu sun san wannan alkawari tun a dandali: in aka yi maka kacici-kacici ka kasa, sai ka ba da gari, wanda ya karɓi garin kuma wajibi ne ya faɗi amsa, in ya zamana ba shi da ita to ya ci amana, ba a sake sauraronsa. Saboda wannan amana ce mutum zai zauna a gaban matsala guda dare ya raba, ya tashi ya kwanta da ita, ya wayi gari tana cinsa, bai taɓa ce wa ransa ƙila ƙofar nan ba ta da ma'ana ba. Kullum abin da yake cewa shi ne akwai abin da ban lura da shi ba. Yana tuhumar ganinsa, yana kyautata zato ga wanda ya shirya wurin. Sa'ad da abin ya buɗe kuwa, daɗin da yake ji ya wuce na samun shiga ɗaki na gaba, domin a wannan lokaci hankalinsa ya haɗu da hankalin wani mutum da bai taɓa gani ba, ya ce a ransa, ashe abin da kake nufi ke nan.

Wanda yake so ya ɗanɗani wannan, ya fara da Myst, wanda 'yan'uwa biyu, Rand da Robyn Miller, 'ya'yan wani limamin coci, suka fitar a 1993, ya kuma riƙe kambin wasan kwamfuta mafi ciniki har zuwa 2002. Amma ni a wurina ƙaninsa, Riven, na 1997, ya fi shi nesa ba kusa ba, kuma akwai ɗaki guda a cikinsa da ya isa hujja. Za ka shiga wata 'yar makarantar ƙauye wadda babu kowa a ciki, ka tarar da bencina da allo, a gefe kuma ga wani abin wasan yara: 'yan mutum-mutumi biyu na rataye a kan wani ƙaton kifi mai buɗaɗɗen baki. In ka ja maɓallin, sai wata alama ta bayyana a 'yar taga, ɗaya daga cikin mutum-mutumin ya sauka, ƙwas, ƙwas, ƙwas, ya tsaya. Ka sake ja, wata alamar ta fito, ɗayan ya sauka sau bakwai. Babu wanda ya ce maka darasi ake yi. Sai ka ga kanka ka jawo takarda kana zana alamomin kana ƙirga saukar, har ka gane lambobi ne, ka kuma gane alamar 5 ita ce ta 1 aka kwantar, ta 10 ita ce ta 2 aka kwantar, ta 6 kuwa an ɗora ta 5 a kan ta 1 ne, daga nan ka iya karanta lambobin da abin wasan bai taɓa nuna maka ba, har zuwa 25, wadda a kanta aka gina lissafin mutanen. Kana cikin murnar ka koyi ƙidaya sai wani abu ya faɗo maka: wane irin sarki ne ke koya wa yara lissafi da siffar mutum ana zura shi bakin kifi? Kafin ka sadu da Gehn, mai mulkin wurin, abin wasan yara ya riga ya gaya maka halinsa.

Ba mamaki da masu irin wannan wasa suke yawan zaɓar tsibiri, domin masu hikima sun riga su zaɓarsa. Ibnu Ɗufail na Andalus, wanda ya rasu a 1185, ya rubuta ƙissar Hayyu ɗan Yaƙzanu, yaron da ya tashi shi kaɗai a tsibiri, barewa ta shayar da shi, ba malami ba littafi, ya yi ta duban dabbobi da wuta da taurari yana ƙiyasta wannan da wancan, har nazari ya kai shi ga tabbatar da cewa wannan tsari yana da Mai tsarawa. Wasan The Witness, wanda Jonathan Blow ya fitar a 2016, kusan a ce wannan ƙissa ce aka mayar abin taɓawa. Tsibiri ne cike da alluna ɗaruruwa, kowane allo ana jan layi ne daga wata da'ira zuwa mafita, ba a rubuta ƙa'ida ko ɗaya ba. Allo mai sauƙi ya koya maka harafi, na kusa da shi ya gwada ko ka fahimta, na uku ya rushe fahimtar da ka yi zaton ka yi, ya tilasta maka gyara ta. Akwai kuma ranar da mai wasan zai ɗaga kai daga allunan ya dubi tsibirin kansa, ya ga abin da tun farko yake gabansa bai gani ba. Ba zan faɗi ko mene ne ba. Iyaka dai wanda ya kai wannan rana zai fahimci, da jikinsa, abin da Alƙur'ani ya yi ta zargin mutane da shi na wucewa ta gaban ayoyi a sama da ƙasa suna kau da kai, da kuma dalilin da ya sa Imamu Gazali ya keɓe wa tafakkuri littafi guda a cikin Ihya'u.

Na ce ba zan faɗi ba, kuma wannan rowa tana da dalili. Duk waɗannan wasanni an rubuta amsoshinsu a intanet, mutum na iya buɗewa ya bi ɗaya bayan ɗaya ya kai ƙarshe cikin yini guda. Ƙofofin za su buɗe masa kamar yadda suke buɗe wa kowa, ba za a tambaye shi inda ya samo mabuɗin ba. Wannan ya tuna mini tsohuwar mas'alar imanin muƙallidi. Shehu Sanusi na Tilimsana, mai Ummul Barahina da ake karantawa a zaurukanmu, ya tsananta a kan wajabcin nazari, har wasu ɗalibai a ƙasar Hausa suka ɗauki maganar suka wuce da ita gona da iri, suna titsiye talakawa da tambayoyin tauhidi, wanda ya kasa kawo dalili su kafirta shi. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi musu raddi a rubuce-rubucensa, ya tsaya a kan cewa imanin gama-garin Musulmi ingantacce ne. Gaskiya tana tare da Shehu, kuma haka nake cewa ga masu wasa da ke raina wanda ya leƙa amsa: ƙofarsa ta buɗe, ku ƙyale shi. Sai dai ingancin abu daban, ɗanɗanonsa daban. Wanda aka gaya wa ya sani, wanda ya gano da kansa ya sani kuma ya ɗanɗana, shi ya sa gaya wa mutum amsar da bai roƙa ba ƙwace ne, ko da an yi shi da sunan taimako.

Babu wasan da ya kai Outer Wilds, na 2019, bayyana wannan. Kana cikin wata ƙaramar duniya mai 'yan taurari kaɗan, ranarta tana fashewa bayan kowane minti 22, ka farka a inda ka fara, ba ka riƙe da komai na abin da ka tara sai abin da ka sani. Babu makamin da ake ƙara maka, babu mabuɗin ƙarfe. Hanyar ƙarshen wasan a buɗe take tun daga mintin farko, jahilci ne kaɗai ya tsare ta. Saboda haka sau ɗaya ake yinsa a rayuwa, tun da ba a iya mayar da sani rashin sani. Yana bukatar haƙuri da tuƙin jirgi, wanda ba kowa ke jure masa ba. Wanda ya fi son zama wuri ɗaya ya yi ta bincike, Return of the Obra Dinn na Lucas Pope, na 2018, ya fi dacewa da shi. A 1807 wani jirgin fatauci da ya ɓace ya dawo gaɓar Ingila babu mai rai a ciki, aka aike ka, kai ma'aikacin inshora, da littafi mai sunayen mutum 60 da wani agogo mai nuna maka daƙiƙar mutuwar kowace gawa, a tsaye cik, ka gano wane ne wane, me ya kashe shi, wa ya kashe shi. Kusan ba a kiran sunan kowa. Da karin harshe za ka gane wannan, da tufafi za ka gane wancan, wani kuwa sai ka lura da lambar da ke jikin ragar da yake kwana a kai ka gwada ta da jerin sunaye. Hukunci ne da ƙarina, irin na rigar Annabi Yusufu da aka yage ta baya, wanda Ibnu Farhun ɗin nan ya yi dogon bayani a kansa a Tabsiratul Hukkam. Hikimar wasan ita ce littafin ba ya gaskata ka sai ka daidaita mutum uku a lokaci guda, don kada ka yi ta harbin iska har ka dace, kuma da haka yake horar da kai ka riƙa rarrabe abin da ka tabbatar da abin da kake zato. Akwai jini da mutuwa a ciki ƙwarai, ba na yara ba ne.

Har zuwa nan na yi ta kusanta wasa da tafakkuri, to amma ƙiyasin yana da iyaka, kuma wanda bai ga iyakar ba wasan zai cuce shi ta inda bai zata ba. Tsibirin wasa an yanka shi ne daidai wuyan mai wasa: an gwada shi a kan mutane kafin a sayar, inda suka cije aka sassauta, aka tabbatar kowace tambaya tana da amsar da za a samu kafin a tashi. Duniya ba a yi mana wannan alkawari a kanta ba. An tabbatar mana akwai hikima a cikin kowane abu, an kuma tabbatar mana ba za a kama mu da abin da ya fi ƙarfinmu ba, amma ba a ce za a nuna mana hikimar kowane abu a nan ba. Da aka yi tambaya a kan ruhi ma, amsar da ta zo a Suratul Isra'i ta ƙare ne da tuna wa mutane ƙarancin abin da aka ba su na ilimi. A duba ƙissar Annabi Musa da Halliru a Suratul Kahfi. Mu masu karatu muna jin daɗinta domin a ƙarshe an warware mana ukun duka, jirgin da aka huda, da yaron da aka kashe, da katangar da aka tayar, har mukan manta cewa Annabi Musa ne aka yi wa bayanin, shi ma a bakin rabuwa. Ba a gaya mana an je an yi wa iyayen yaron bayani ba. Su abin da ke hannunsu gawar ɗansu ce, kuma mafi yawanmu, a mafi yawan kwanakinmu, a matsayin iyayen nan muke.

Wanda ya saba da duniyar da kowane kulli ke kwancewa yana iya fitowa da ɗabi'ar neman fassarar kowace musiba, tasa da ta maƙwabcinsa, ya ce wane ya yi rashin lafiya ne saboda kaza, gobarar kasuwar nan alama ce ta kaza, ya riƙa haɗa abubuwan da ba su haɗu ba don zuciyarsa ba ta jure ƙofar da ta ƙi buɗewa. Nan ne haƙurin mai wasa ya rabu da haƙurin mumini: na farko yana jira ne don ya san amsa tana nan tafe kafin ya kashe na'ura, na biyu an neme shi da ya ci gaba da kyautata zato ko da zai shiga kabari bai ji amsar ba, kuma wannan daraja ce da babu wasan da ke koyar da ita. Su kansu 'yan'uwan Miller kamar sun hango wani gefe na wannan haɗari, domin a labarinsu mutanen suna rubuta littattafan da ke kai su wasu duniyoyi, Gehn ya ɗauka alƙalaminsa ne ke halittar duniyoyin har ya sa a bauta masa, ɗansa Atrus kuwa ya tsaya a kan cewa marubuci hanya kawai yake buɗewa zuwa abin da Mahalicci ya riga ya yi.

Saboda irin wannan ne nake sa sharaɗi in na ambaci The Talos Principle, wanda kamfanin Croteam na ƙasar Kuroshiya ya fitar a 2014. Matsalolinsa na haske da akwatuna suna cikin mafi kyawun da aka taɓa shiryawa, amma muryar da ke yi maka umarni daga sama tana kiran kanta Elohim, sunan Ubangiji a Ibrananci, tana hana ka hawan wata hasumiya, labarin kuma ya karkata ga yabon wanda ya saɓa. Ko da yake a cikin ƙissar muryar wata manhaja ce da mutane suka ƙera, ba zan miƙa shi ga yaron da bai gama Ƙawa'idi ba. Wanda ba shi da kwamfuta mai ƙarfi, wayarsa ta isa ta ɗauki The Room na 2012, inda ake ta buɗe akwati cikin akwati, da Monument Valley na 2014 mai ƙubbobi da matakalan da ke yaudarar ido, da Machinarium na 2009, aikin mutanen ƙasar Cek, wanda babu kalma ko ɗaya a cikin zancen mutanensa, don haka rashin Turanci ba ya hana kowa. Mai son harsuna ya nemi Chants of Sennaar na 2023, aikin Faransawa, inda ake hawa hasumiya ana koyon rubutun kowace al'umma daga alamun ƙofa da gaisuwar masu gadi. Riven kuwa an sake gina shi a 2024, an canza wasu matsalolinsa, kuma tsoho ne ko sabo, kada a shige shi sai da takarda da fensir a gefe. Ya fi daɗi in mutum biyu suka zauna, ɗaya na tuƙi ɗaya na rubutu, in ladan ya kira salla kuma a tashi, tun da a wannan wasa babu abin da ke bin mutum a guje.